Abarba Mai Fitila

Litinin, 23 ga Satumba, bayan la'asar

Kai da ka buɗe littafin nan ba ni na miƙa maka ba, bari in tambaye ka: ka taɓa shafe shekara ashirin kana kiran mutum maƙaryaci a kan abin da kai kanka ba ka da zuciyar zuwa ka duba? In ka taɓa, ci gaba da karatu, da kai nake. In ba ka taɓa ba, to ba ɗan garinmu ba ne kai.

Sunana Rusdin. Na rubuta shi ne don in littafin ya faɗa hannun banza a san wanda za a zaga.

Yau akwatin gilashin ajiye kifi ya iso daga Kalabahi, babban garin tsibirinmu, a bayan motar kifi. Na wani gidan abinci ne da ya rufe. Mun sauke shi a ɗakin baya na gidan Bapa Dahlan, tsohon da a zamaninsa babu mai nutso kamarsa a duk gaɓar nan, wanda yanzu matakala uku ke tsayar da shi yana neman numfashi. 'Yarsa Rosmini ta bugo waya daga birnin Kupang. Za ta zo ta tafi da shi a jirgin tara ga Nuwamba, can likitan yake. Babu wanda ya ce zai dawo. Babu kuma wanda ya ce ba zai dawo ba.

Kwana arba'in da bakwai. Kafin su cika sai garin nan ya ga kifin da idonsa.

Kowa ya san labarin. Wata ranar da ruwan sanyin nan mai tasowa daga ƙasan teku ya zo, shekara ashirin baya, Bapa ya ce ya nutsa zurfin gaba goma sha bakwai har bakin kogon da ke ƙarƙashin mashigin teku, kuma cikin duhun ya ga kifi rawaya mai jiki kamar ɓawon abarba, da 'yar fitila a haɓarsa. Aka ce ƙarya ne, ba mai kaiwa can cikin sanyi, a kwale-kwale ya zauna yana kakkarwa. Har yau in yaro ya ce akuya ta cinye littafinsa, malami cewa yake, "Wannan abarbar Dahlan ce."

Abin da ya nutsa nema ba zan rubuta shi ba.

Laraba, 25 ga Satumba, da hantsi

Ni na gano hoton. A masaukin baƙin da nake wanke wa tukwanen iskar masu nutso, wani bature ya bar littafin kifaye, ba bango, gefensa ya sha ruwa. Wata uku ina binsa kalma-kalma da ƙamus na waya, kamar mai tsince dutse a shinkafa. Makaranta ta kore ni a aji biyu saboda bakina, amma ba ta kori idona ba. A shafi na ɗari biyu da sha biyu, ga shi nan zaune, rawaya, da zanen baƙi.

Da na kai wa Bapa, ya daɗe yana kallo. Ya ɗora babban yatsa a kai. Na ɗauka kuka zai yi. Sai ya ce, "Nawa ya fi wannan ƙiba."

Littafin ya ce ruwan ɗumi yana kashe shi, digiri sha bakwai ko sha takwas yake so. Tekunmu ashirin da tara ne. Don haka na samo tsohuwar firiza, na cika ta da ruwa, na naɗe doguwar tiyo a cikinta. Famfo yana jan ruwan teku daga akwatin, ya zagaya da shi ta cikin tiyon, ya mayar da shi da sanyinsa.

Mama Jaenab, matar Bapa, ta tsaya a ƙofa tana taunar pinang, goron garinmu, bakinta ja wur.

"Ɗana, wa ke saka kifi a sanyi da gangan? Sanyi ai shi ke sumar da su."

"Mama, ba za ki gane ba."

"To, Allah ya ba masu ganewa haƙuri."

Asabar, 28 ga Satumba, azahar

Ashirin da huɗu. Firizar nan ta raina ni.

Lahadi, 29 ga Satumba, da yamma

Ina zagin firiza, ina zagin wanda ya ƙera ta da kakansa, sai Bapa ya shigo a hankali yana dafa bango. Bai kalli ma'aunin zafi ba. Ya shafa bangon yamma da bayan hannu.

"Malam mai littafi, ka jingina tulunka da murhu kana faɗa da tulu."

Muka janye akwatin zuwa bangon da ke inuwar tsamiya. Ya sa na yanka farin soson akwatunan kifi na lulluɓe gefe uku da ƙasa da murfi, na bar fuska ɗaya kawai. Ya ce a naɗe tiyon da tsumma inda ta fito fili. Kafin magariba, ashirin. Wannan mutumin bai san alif ba, amma ya san inda zafi ke shigowa gida kamar yadda ya san inda ɓera ke shiga. Ni kuma na karanta shafi goma sha ɗaya a kan sanyaya ruwa.

Gilashin yana ta gumi. Mama ta ce kuka yake yi wa kifin da za a zalunta.

Talata, 1 ga Oktoba, da safe

Sha takwas! Na tafi shan kofi a rumfar Om Sukri, ƙanen babana, don murna ta sa na manta waye shi.

"Farfesa ya iso! Ku matsa masa. An ce kana gina wa abarba ɗakin amarya, har da sanyi."

Masu zaman benci suka kwashe da dariya.

"Om, in ta tare kai za ka fara zuwa gaisuwa."

"Ka ce ta taho da fitilarta, wutar garin nan ba ta da alkawari."

"Ta fi wasu alkawari."

Ya daina dariya. Ya juya yana goge kofin da ya riga ya bushe. A ƙusar da ke bayansa tabaran nutso na katako, na babana, yana nan rataye inda yake tun ina ɗan shekara huɗu. Ban kalle shi ba. Ba na kallonsa. Om ne ya fara jefa wa Bapa kalmar maƙaryaci, a gaban jama'a, ranar addu'ar bakwai, kuma shi ne zai janye ta.

Juma'a, 4 ga Oktoba, bayan la'asar

Ruwan sanyi ya zo da hantsi, kwana biyu bayan duhun wata, daidai yadda Bapa ya faɗa tun shekaranjiya. Hazo kamar hayaƙi ya kwanta a kan mashigi, wata mata ta kurma ihu, "Sanyi! Sanyi ya zo!" Gari ya zube a gaɓa da kwanduna da tukwane da zannuwa. Kifi birjik, ciki sama, a sume. Wani tsoho ya cika hularsa. Mama Jaenab ta yi abin da take yi tun tana budurwa: ta zaɓi manya ta zuba su a kwanon ruwan da ta shanya a rana, suka farfaɗo suna wutsil-wutsil, ta samu na miyar gobe da ransu.

Ni kuma na ruga wurin Bapa. Yau ce ranar, sanyi ya cika kogon, in mun ɗago kifin ba zai dahu a hanya ba.

"A'a."

"Bapa, kwana talatin da shida suka rage!"

Ya tsoma yatsa a akwatin ya lasa. Ya shinshina.

"Ruwan nan bai san kowa ba tukuna. Sabon gida ne, ba a taɓa kwana a ciki ba. Ka kawo baƙo ya mutu da kashinsa?"

Na fita ina huci. A ƙarƙashin tsamiya na buɗe littafin don in samu abin da zan ƙaryata shi da shi. Shafi na talatin: dole a jira makonni, sai wasu halittu da ido ba ya gani sun zauna a jikin duwatsu suna cinye ƙazantar kifi, kuma a ruwan sanyi sun fi jinkiri. Bature ya ɓata shafi biyu. Bapa lasa ɗaya ya yi.

Litinin, 7 ga Oktoba, da asuba

Sha takwas. Duwatsu da ruwa. Ina gadin duwatsu.

Alhamis, 10 ga Oktoba, da yamma

Na samu wani mai sayar da kifin ado a Surabaya ta waya. Ya ce ya san shi, zai iya nemo ɗaya ya aiko a jirgin sama cikin ƙanƙara. Na zo wa Bapa da labarin ina rawar jiki. Yana zaune yana fere gora, bai ɗago ba.

"Na Surabaya ai Surabaya zai yi wa shaida. Ni a nan na gan shi."

Bubu yake saƙawa, tarkon gora irin namu, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Ƙarami, bakinsa tsukakke, cikinsa lulluɓe da ganyen kwakwa don ya yi duhu kamar kogo, da ɗan keji a tsakiya inda za a zuba ƙananan jatan lande masu rai. Hannunsa na rawa in ya ɗauki kofi. In ya kama gora ba ya rawa. Na zauna ina kallon yatsunsa har na manta da fushin da amsarsa ta sa ni. Igiyar kuma ya ƙulla mata ƙulli a kowace gaba, a ta goma sha bakwai ya ɗaura jan tsumma.

Mun riga mun samu 'yan zaman ɗaki. Na gwada na bakin gaɓa, duk sanyi ya kashe su. Waɗanda suka zauna su ne waɗanda tsofaffin tarkunan Bapa suka ɗago daga zurfi: kaguwa biyu masu dogayen ƙafafu, jatan lande ja, da wani abu mai kama da fure da ya manne a dutse yana buɗe baki in ya ji abinci. Mama ta ce kaguwar ta yi kama da surukarta, Allah ya jiƙanta.

Talata, 15 ga Oktoba, azahar

Yau bai fito daga ɗaki ba. Mama ta fito da wani tsumma ta ɓoye shi a bayanta da ta gan ni. Ban tambaya ba.

Sha takwas.

Asabar, 19 ga Oktoba, da yamma



Jiya bayan la'asar muka saka bubu. Na tuƙa, shi yana kallon tudu. Sai da hasumiyar masallaci ta rufe tsamiyar gidansa, kuma dutsen tsibiri ya zo daidai kafaɗarsa ta hagu, sannan ya ce, "Nan." Igiya ta yi ta tafiya ta cikin hannuna. Tarkon ya taɓa ƙasa, jan tsumman yana shafar ruwa. Goma sha bakwai. Ba sha shida ba, ba sha takwas ba. Bayan shekara ashirin.

Yau da sanyi ya zo, gari yana can yana kwasar ganima, mu biyu muka ja. Na tanadi bokiti mai murfi da robobin ƙanƙara a ɗaure, don ruwan daɗi kada ya gauraya da na gishiri. Bapa ya buɗe ganyen kwakwar.

Rawaya. Zanen baƙi. Bai fi tafin hannuna ba. Ga ƙayoyi a bayansa suna karkace hagu da dama.

Bapa ya ce masa, "Ka tsufa." Shi ke nan abin da ya faɗa har muka iso gida.

Lahadi, 20 ga Oktoba, da hantsi

Ya shige tsakanin duwatsu ya juya mana baya. Ba ya motsi, ba ya ci. Littafi ya ce haka halinsa yake, kuma in ya tsorata fitilar takan dushe kwana biyu ko uku. Ba za mu kira kowa ba sai ta kama. Gobe zan shiga Kalabahi neman wani famfon, kada wannan ya ba mu kunya.

Litinin, 21 ga Oktoba, la'asar

Kifin ya mutu.

Litinin, bayan magariba

Na dawo na tarar firiza a kashe, murfi a buɗe, ma'auni a kan ashirin da bakwai. Mama Jaenab tana tsaye da kwanonta, wannan dai kwanon, tana murmushi.

"Ɗana, na ga ya suma tun jiya ba ya motsi, ku kuma kun zuba masa ido. Ruwa kwano huɗu na shanya a rana na zuba masa. Ka ga har ya fito yana iyo."

Yana iyo. A karkace, yana buga gilashi.

Na faɗa mata magana. Ba zan rubuta ta ba. Maƙwabta sun ji, su rubuta.

Talata, 22 ga Oktoba, da safe

Na naɗe gawar a ganyen ayaba na dire ta a kan teburin Om Sukri, tsakanin kofuna. Wani ya taɓa ta da tsinke. Om ya sunkuya ya daɗe yana kallo. Sai ya miƙe.

"Abarba kam na gani, Farfesa. Ina fitilar?"

"A haɓarsa, ga wurin nan!"

"Ni ma ga haɓata. Kunna."

Dariya ta dawo wa benci, har da masu tafi. Suka ce teku ba abin da ba ta haifa, mai yiwuwa Dahlan ya taɓa ganin irinsa a raga ya ƙara masa gishiri. Fitila kuwa sai wanda ya shiga duhun ne zai gan ta. Haka ne. Abin da ya fi ƙona ni ke nan, gaskiyarsu ce.

Alhamis, 24 ga Oktoba, azahar

Kwana uku Mama ba ta tauna pinang ba. Ta ajiye min dakakkiyar masara a bakin ƙofar ɗakin baya ta tafi ba magana. Ban iya ci ba.

Juma'a, 25 ga Oktoba, bayan an sauko daga masallaci

Bapa ya kira ni bakin gadonsa. Na shirya wa faɗa. Da ma ya yi.

"Kifi nawa ka taɓa farfaɗowa?"

"Babu."

"Ita ta farfaɗo da fiye da gashin kanka. Shekara hamsin duk kifin da ta ga ya yi shiru a sanyi, ɗumi ne maganinsa, ba ta taɓa kuskure ba sai wannan karon. Ta tambaye ka tun ranar farko. Me ka ce mata?"

Na tuna amsar da na ba ta: ba za ki gane ba.

"Ni an kira ni maƙaryaci a kan abin da na gani. Ita ka kira ta abin da ka kira ta a kan abin da ka ƙi nuna mata. Je ka canza ruwan. Duhun wata saura mako."

Lahadi, 27 ga Oktoba, da yamma

Na same ta tana fere rogo a bayan gida. Na durƙusa na kama hannunta na kai goshina. Ta bar ni a haka har gwiwata ta yi tsami.

"Tashi, kana tare min haske."

Na kai ta gaban akwatin na yi mata bayani tun daga farko, yadda ya kamata in yi wata guda da ya wuce. Ba ta karanta lamba, sai na ɗaura jan zare a jikin ma'aunin daidai sha takwas. In jan ruwan ciki ya haura zaren, akwai matsala.

"Wato shi sanyi ne garinsu."

"Shi ne, Mama."

"Mu ne baƙin zafi a wurinsa. To da ka ɗaura zaren nan tun farko, ɗan banza mai littafi, bakinka zai guntule?"

Ta ciro pinang ta jefa a baki. Tana tauna tana kallon kaguwa ta ce, "Ranar da teku ta ci babanka, Dahlan ya fito jini na zuba ta hancinsa da kunnensa, ni na wanke. Sau uku ya koma. Sukri yana gaɓa da kwando yana kwasar kifi, kwale-kwalensa a ɗaure. Aka yi ta kiransa ya kawo igiya, ya ce bari ya cika kwandon." Ta tofar. "Mutum in bai samu wanda zai ɗora wa kaya ba, shi zai ɗauka."

Ban taɓa jin wannan ba. Ban san inda zan ajiye shi ba.

Laraba, 30 ga Oktoba, da asuba

Sha takwas. Kwana goma. Furen dutse ya mutu, kaguwa ɗaya ta rayu. Rosmini ta bugo tana tambayar ko ya haɗa kaya.

Lahadi, 3 ga Nuwamba, bayan azahar

Sai da muka ɗauke shi a kujera zuwa kwale-kwale. Mama ta ce in na dawo mata da shi a jiƙe in nemi wani garin.

Sanyi ya zo, hayaƙi ya tashi, ihu daga gaɓa. Na ja igiyar bubun da aka saka jiya. Ta ƙi. Na sake ja har tafina ya yage. Bubu ya maƙale a bakin kogon.

Wannan ne na ƙarshe, jirgi ba zai jira wata ba. Na tuɓe riga. Ni da na rantse wa mahaifiyata ba zan taɓa nutso ba, ni da ko a wanka ba na son ruwa ya rufe min fuska, na ɗora ƙafa a gefen kwale-kwale.

Ya kama wuyan hannuna. Ban san akwai sauran irin wannan ƙarfin a jikinsa ba.

"Zauna, ɗan Burhan."

Bai taɓa kirana da sunan babana ba.

"Haka ya maƙale ranar. Haka ya tuɓe riga. Na ce masa je ka da sauri, ina riƙe da igiya. Na bar ɗaya ya sauka. Zauna."

Na zauna. Ƙafafuna a ruwan da ya taru a ƙasan kwale-kwale, sanyinsa kamar wuƙa. Ya karɓi igiyar ya saki gaba biyu, ya naɗa ta a ɗan yatsa, ya lumshe ido. Na ce me muke jira. Ya ce ruwan da ya tura tarko cikin kogo shi zai fito da shi in ya juya, ya gane haka bayan shekara uku, yana kwance yana kallon rufin ɗaki.

Muka zauna. Kifaye a sume suna wucewa ta gefenmu. Na ƙirga numfashinsa don ba ni da abin ƙirgawa. Can sai kwale-kwalen ya fara juya hanci da kansa. Yatsansa ya motsa.

"Ja. A hankali, kamar kana tashin jariri."

Ta taho.

Biyu ne a ciki. Biyu! Ɗaya ya fi na littafin ƙiba.

Talata, 5 ga Nuwamba, la'asar

An ɗauke wuta tun hantsi, an ce har gobe. Ina masauki ina aiki, ban sani ba. Da na ji na yar da abin da ke hannuna na ruga.

Na tarar da layi a ƙofar gidan. Mata, kowace da robar ƙanƙara a ɗaure a zani. Mama Jaenab ta bi gida-gida, duk mai sayar da ƙanƙarar 'yan makaranta sai da ta buɗe firjinta. Tana tsaye a kan akwatin kamar mai tsaron ƙofar sarauta, ido a kan zare.

"Ke, murfin robarki a kwance yake, ruwan daɗi zai kashe su, koma ki ɗaure! Ke kuma rufe labulen, ba sa son haske. Ba suma suka yi ba, hutawa suke. Sanyi ne garinsu, ba za ku gane ba."

Ta kalle ni ta gefen ido da ta faɗi haka.

Sha tara. Bai wuce ba. Cikin robobin har da manya guda shida daga firizar rumfar kofi. Matar Om ce ta kawo. Ta ce bai hana ba, bai kuma ce komai ba.

Laraba, 6 ga Nuwamba, bayan azahar

Mun toshe taga da zannuwa, mun rufe ƙofa, rana tsaka ta zama duhu. Ni, Mama, da Bapa a kujerarsa. Na saki jatan lande. Muka jira ido ya saba.

Ɗigo biyu, kore mai shuɗi-shuɗi, ƙanana kamar ƙwayar shinkafa, suka fito daga tsakanin duwatsu suna shawagi a hankali. Sai wasu biyun a bayansu.

Mama ta yi salati. Tun ina yaro, in na rufe ido, wurin da babana yake baƙi ne ƙirin, babu komai. Ashe akwai fitila.

Bapa ya ce a cikin duhun, "Ta gefen hannun babanka suka wuce. Da su na gan shi. Na kama, sanyi ya kashe min yatsu."

Bayan la'asar aka fara shigowa huɗu-huɗu, Mama na tsaron ƙofa. Masu zaman benci sun zo. Malamin makaranta ya zo, ya fita yana share ido. Kowa in ya fito sai ya tsaya gaban Bapa ya rasa inda zai sa hannunsa. Shi kuwa sai ya ce, "Ka gaida gida."

Alhamis, 7 ga Nuwamba, kafin magariba

Rosmini ta iso. Jibi jirgi. Gobe da yamma zan mayar da su kogonsu, Bapa ya ce baƙo ba ya wuce kwana biyar, kuma shaida in ya gama magana gida yake komawa.

Om Sukri ya zo ɗazu, lokacin da ya tabbata layi ya watse. Ya shiga shi kaɗai, ni ina riƙe da labule. Ya daɗe. Na ji numfashinsa ya canza. Da ya fito ya bi ta ƙofar baya don kada ya wuce gaban kujerar. A kan murfin akwatin ya bar tabaran katako.

Bapa ya ce ya isa. Ya ce in bar shi, mutumin ya sha nasa.

Bapa ya fi ni. Ya fi ni a komai, na yarda, na rubuta. Amma wannan ban yarda ba. Tabarau ba magana ba ne, kuma a ɗaki mai duhu aka ajiye shi.

Zan yage wannan shafin in manna a ƙofar rumfa.

Om Sukri, ɗan'uwan babana. A tsakar gida, a gaban mutum ɗari, ranar addu'ar bakwai, ka nuna Dahlan da yatsa ka ce bai sauka ba. Yau ka ga fitilar da idonka. Gobe Juma'a za mu kawo shi a kujera mu ajiye a harabar masallaci, in an sallame ba wanda zai riga ka fita, ni zan tsaya a ƙofa. Ba na tambayarka inda kake ranar, wannan tsakaninka da Allah. Tambaya ɗaya ce, kuma da murya irin wadda ka yi wancan karon za ka amsa ta, yadda na sahun baya zai ji:

Ya sauka, ko bai sauka ba?